Matse kafireta don rage shan mai: me notin silo ke iya yi a tudun Jos, me ya fi ƙarfinsa?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, ƙorafin da masu tsofaffin motoci ke kaiwa gareji ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta haye dubu a Oktoban 2024. A da mutum kan kai mota ne ya ce tana fizga, ko ta daina cin tudu. Yanzu ka zauna a garejin Farin Gada, ko gefen 'yan kayan gyara na Dilimi, abin da za ka fi ji shi ne: "Oga, a ɗan matse min ita, tana shan mai." Bakanike ya ɗaga bonet, ya zura sukundireba a gindin kafireta, ya murɗa wani ɗan noti, inji ya sauya murya, a sallame shi a tafi.

Bayan mako guda sai labari ya rabu. Wani ya ce ya ga sauƙi a aljihu. Wani ya ce motarsa ta koma mutuwa a kowace mahaɗa daga Terminus zuwa Bauchi Road, man kuma yana nan yadda yake. Wani ma an tsorata shi ne cewa matsewar na ƙona bawul, ya koma aka buɗe masa fiye da yadda take da farko. Dukkansu magana ɗaya suke yi a baki, amma ba abu ɗaya aka taɓa a motocinsu ba.

## Sunaye tukuna

Kafireta ita ce na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Ba wutar lantarki ce ke haɗa su ba, ba kuma lissafi take yi ba. Inji ne ke zuƙo iska ta cikin maƙogwaronta, iskar ta ratsa wani matsattsen wuri ta ƙara gudu, gudun ya janyo mai daga wata 'yar tukunya da ke jikinta ta cikin ƙananan kafofi da ake kira jet.

Silo shi ne juyin inji lokacin da mota ke tsaye a kunne, ƙafa ba ta kan totur. A galibin tsofaffin motocin fetur yakan kama tsakanin juyi 750 zuwa 900 a minti.

Haɗin da fetur ke ƙonewa ƙurmus a cikinsa shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, da awon nauyi. In man ya fi haka yawa, haɗin ya yi kauri. In iskar ce ta rinjaya, ya yi tsararo, kamar kunun da aka cika wa ruwa. Tsohon inji a silo ya fi son haɗin ya ɗan fi 14.7 kauri, saboda a lokacin hayaƙin da ya rage cikin silinda yana gurɓata ɗan sabon haɗin da ke shiga, ga shi iskar ba ta da gudun da za ta wargaza man sosai.

Sai notunan nan biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko notin gudu ne, wanda ke tokare farantin totur don kada ya rufe ruf. Shi ke ɗaga silo ko sauke shi. Na biyu notin mai ne, wanda ake nufi in an ce a matse, siriri mai tsini kamar allura, da sifirin a wuyansa, yawanci a ƙasan kafireta kusa da inda ta zauna kan manifol, bututun da ke kai haɗin cikin inji. Shi ke ƙayyade kaurin haɗin a silo. A mafi yawan motoci, in an ɗaure shi mai ya ragu, in an kwance ya ƙaru. A wasu babura da injinan Keke akasin haka ne, domin notin nasu iska yake sarrafawa: wanda ke ɓangaren matatar iska, ɗaure shi ƙara kauri yake yi, wanda ke ɓangaren inji kuwa rage mai yake yi. Mutum ya koyi hannu a kan mota ya je ya yi wa Keke irinsa, sai ya tarar ya yi gyaran gangar Auzinawa.

## Abin da ya sa maganar ba ta mutu ba

Kamfanoni sun daɗe da barin kafireta a motoci. A Turai, dokar hayaƙi ta Euro 1 da ta fara aiki a 1992 ta tilasta sa na'urar tace hayaƙi a salansa, ita kuwa tana buƙatar haɗin da ba ya kauce wa 14.7, abin da injekta da kwamfutar mota suka fi iyawa. Tun kafin nan, daga shekarun 1970, masana'antu kan toshe notin mai da wata 'yar hular roba ko ƙarfe don kada a riƙa murɗa shi barkatai. Da wuya ka ga motar da ta kwana biyu a hannunmu da hular nan a kanta.

A nan kuwa kafireta tana da sauran kwana. Peugeot 504 da 505 da kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, galibinsu da kafireta ƙirar Solex suka fito, kuma fikof ɗin 504 har gobe yana ɗauko dankali da kabeji daga ƙauyuka. Akwai tsofaffin Hiace da Starlet da Corolla masu Aisan, da Datsun da Nissan Sunny masu Hitachi, da Golf 2 mai Pierburg. Ga babura da janareto ba iyaka. Akwai ma motocin da suka zo da injekta aka cire aka ɗora musu kafireta, don mai motar ya gaji da neman wanda ya iya wayarin. Masu irin waɗannan motoci su ne waɗanda tsadar mai ta fi yi wa illa, su ne kuma ba su da halin canji.

## Notin mai, ina iyakar mulkinsa?

A nan ne ruɗanin yake. Kafireta ba hanyar mai ɗaya gare ta ba. Akwai hanyar silo, mai ɗan ƙaramin jet nata, wadda ke fitar da mai ta wata kafa a ƙasan farantin totur. Akwai wasu 'yan kafofi a samanta da ke karɓar aiki da zarar an fara taka totur kaɗan. Akwai babban jet, wanda ke ciyar da inji in mota ta miƙa hanya. Akwai ɗan famfon da ke tsarta mai in an taka totur da sauri. Akwai kuma cok, mai tare iska don haɗin ya yi kauri, na tada inji da sanyi.

Notin mai yana tsaye ne a bakin kafa ɗaya tak, ta silo. Da mota ta ɗauki gudu a hanyar Bukuru, babban jet ne ke shayar da ita, notin kuwa ya zama ɗan kallo. Banda ga wannan ƙa'ida shi ne kafireta irin SU da Stromberg, masu allura ɗaya da ke hawa da sauka, da ake samu a wasu tsofaffin motocin Ingila da Volvo. A cikinsu saitin yana shafar tafiyar gaba ɗaya. Amma ba su ne suka cika titunanmu ba.

A yi lissafi mai sauƙi. Injin lita biyu da ya yi zafi yakan sha kusan lita ɗaya a awa guda yana silo, sau da yawa ƙasa da haka. A ɗauka ɗan tasi ya tara awa biyu a wuni yana tsaye a kunne, tsakanin jiran fasinja da cunkoso. A ɗauka kuma an matse notin har ya rage kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya tsira bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba, a wunin da wataƙila ya ƙona lita ashirin. Kuɗi ne, amma ba shi ne zai sauya lissafin balas ba.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ga bambanci? Dalilai biyu ne suka fi yawa. Ko dai motar ta kauce sosai tun farko, notin a buɗe har zagaye huɗu ko biyar, silo a sama yana kuka, ta yadda dawo da ita daidai kaɗai ya isa a ji sauyi. Ko kuma bakaniken bai tsaya kan noti ba: ya wanke jet, ya busa matatar iska, ya gyara fulot, abin da ke tsayar da mai a ma'auninsa cikin tukunyar kafireta, ya goge fulogi. Mai mota ya tafi da sunan "an matse", alhali wankin ne ya yi aikin.

## Tudun Jos da sanyinsa

Masu cewa motar Jos tana son a ɗan rage mata mai suna da hujja, kuma hujjar a iska take. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku. A wannan tsayin nauyin iska ya ragu da fiye da kashi goma cikin ɗari in an gwada da Legas. Inji yana zuƙar awon da ya saba, amma abin da ke cikin awon ya ragu, shi ya sa motar da ba ta da turbo kan yi asarar kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinta a kowane hawa na mita 300. Kafireta ba ta san ta hau tudu ba. Man da take bayarwa yana raguwa, amma bai kai yadda iskar ta ragu ba, sai haɗin ya ƙara kauri da kusan kashi shida cikin ɗari. Motar da aka saita a Apapa aka ɗauko ta zuwa Gangare ta Jos za ta iso silonta ya sauka, salansarta na ɗan warin ɗanyen mai. Motar injekta tana da na'urorin da ke auna iska su gyara da kansu.

Tsakanin Jos da Abuja tazarar ba ta kai haka ba. Abuja tana wajen mita 400 zuwa 500, kuma ta fi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi, don haka zafin yana cinye wani ɓangare na bambancin. Direban da ke jigila ta Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, ba ya buƙatar tsayawa ya sake saiti a hanya. Abin da zai lura da shi shi ne silo ya ɗan ɗaga in ya sauka ƙasa. Wanda zai ji a jikinsa shi ne wanda aka matse wa har ƙarshen abin da inji zai jure a Jos: yana sauka inda iska ta fi nauyi, haɗin ya ƙara tsinkewa, motar ta fara tari a cunkoson Nyanya.

Sanyi kuma yana ja ta ɗaya ɓangaren. Da asubahin Disamba da Janairu, lokacin da ma'auni kan sauko kusa da digiri goma, fetur ba ya saurin zama tururi, yana manne wa bangon manifol mai sanyi. Aikin cok ke nan, ya ƙara kauri na 'yan mintoci har inji ya ɗumama. Matsalar ita ce a motoci da yawa an ɗaure cok da waya ko an cire shi, an kuma cire tamostat, mai tare ruwa har inji ya ɗumama, da sunan maganin zafin inji. Mota ta ƙi tsayuwa da safe, sai a buɗe notin mai don ta tsaya. An biya buƙatar minti biyar, an bar ta tana shan mai fiye da kima wuni guda. Da za a bi sawun motocin da ke baƙin hayaƙi a silo cikin gari, da yawansu a nan matsalarsu ta samo asali.

Ga kuma ƙurar hunturu. Matatar iska in ta toshe, daidai take da cok ɗin da aka ja rabi. Wasu kan cire ta gaba ɗaya su ce mota ta samu numfashi. Ta samu, amma tare da yashin da zai cinye ringi.

## Yadda saitin yake in za a yi shi bisa ƙa'ida

Kanikawan da suka san aikin sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: notin mai shi ne na ƙarshe da ake taɓawa. Kafin a zo kansa sai an tabbatar fulogi lafiya, kwantak da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, suna daidai, tazarar bawul ta yi, matatar iska tana da tsabta kuma tana ɗaure a wurinta, man cikin tukunyar fulot yana kan ma'auninsa, babu kuma inda iska ke satar hanya. Duk wanda ya saita haɗi a kan taimin da ya goce, ranar da aka gyara taimin sai ya sake.

Sannan inji ya yi zafin aiki, ba ɗumin minti biyu ba. A zaga da motar, a dawo, a tabbatar cok ya buɗe sarai. A yi aikin a fili, domin hayaƙin tsohon inji a silo cike yake da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki.

In ba a san inda notin yake ba, inji a kashe, a ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa, da yatsu biyu kawai a kan sukundireba. Tsininsa laushi gare shi. Wanda ya danne shi da ƙarfi zai yi masa zobe a baki ko ya buɗa kafar, daga nan kuma saiti ya daina zama. Sai a kwance shi zagaye biyu ko kusa da haka, a tada inji, a daidaita silo da notin gudu.

Daga nan kunne ne ke aiki. Ka ga tsohon bakanike ya sunkuya, hannu ɗaya a kan fenda yana jin rawar mota, ɗaya a kan sukundireba. Ya ɗaure kwata, ya dakata kamar daƙiƙa goma, don inji ba ya amsawa nan take. Ya ƙara kwata. A wani wuri muryar za ta fara rawa, juyi ya sauka, salansa ta riƙa tsallake bugu tana "fut, fut". Nan ne iyakar tsararo. Ya riƙe lissafin a ransa, ya koma yana kwancewa. Juyi ya hau, ya daidaita, ya yi santsi. Ya ci gaba har muryar ta yi nauyi, inji ya fara wani lilo kamar doki mai sukuwa, warin mai ya bugi hanci, ido ya fara yaji. Nan ne iyakar kauri. Wurin da ake nema yana tsakani, inda juyi ya fi tsayi kuma ya fi natsuwa. In silo ya hau da yawa, a sauke shi da notin gudu, a sake zagayen sau ɗaya. Yaron shago yana bayan mota da tafin hannu kusa da bakin salansa, maigidan yana tambayarsa, "Ya daidaita?", shi kuma yana amsawa, "Saura kaɗan, Oga."

Masu kayan aiki kan sa agogon juyi, ko agogon auna zuƙar manifol, su nemi inda allura ta fi hawa ta tsaya cak. Akwai abin lura ga mai amfani da na biyun a Jos. Littattafan gyara kan ce lafiyayyen inji yana nuna inci 17 zuwa 21, amma wannan awon bakin teku ne. Yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace mita 300, don haka inji mai lafiya a nan zai iya nuna ƙasa da haka da inci huɗu ba tare da komai ya same shi ba.

Gwajin ƙarshe: a taka totur da sauri a saki. Ya kamata inji ya ɗauka ba tare da shaƙewa ba, ya dawo silo ba tare da ya mutu ba. A kunna fitilu da fanka, a ga ko zai riƙe. Kafireta mai notin mai biyu, a tafi da su kafaɗa da kafaɗa. Beetle mai Solex 34 PICT-3 kuma tata daban ce: babban notin da ke gefe shi ke saita gudu, ƙaramin shi ne na mai, na jikin hannun totur ba a wasa da shi.

## In an murɗa noti inji bai ce komai ba

Wannan alama ce mai amfani, kuma an fi yin watsi da ita. In ka ɗaure notin mai har ƙasa inji bai mutu ba, to mai yana shiga ta wata hanya. Ko dai allurar fulot ba ta rufewa, tukunya ta cika tana ambaliya, ko kuma an ɗaga notin gudu sosai har farantin totur ya buɗe kafofin sama, inji ya bar hanyar silo gaba ɗaya. Na biyun yakan faru ne in jet ɗin silo ya toshe, maimakon a wanke shi sai a yi ta ƙara gudu don mota ta tsaya.

In kuwa sai an kwance notin zagaye huɗu ko biyar kafin inji ya natsu, a nemi iskar sata: gasket ɗin gindin kafireta, tiyon da ke zuwa tukunyar birki, tsagaggen tiyon distirbuta, ko sandar totur da ta cinye mazauninta. Wasu kafiretocin suna da ɗan bawul na lantarki a kan jet ɗin silo, mai waya ɗaya, wanda ke yanke mai in an kashe makulli. Wayar ta zare, silo ya ɓace ɗungurungum, a yi ta zargin noti.

Man kansa yana da hannu. Datti da ruwan da ke biyo jarkar 'yan bumburutu jet ɗin silo suke fara toshewa, domin shi ne mafi ƙanƙantar kafa. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙa'ida. Irin wannan sinadari yana sa haɗi ya yi tsararo, yana kuma cin roba. Mota in ta sauya hali daga shan mai ɗaya, tankin ya kamata a fara tuhuma.

## Masu matsewa, masu buɗewa, da masu awo

Masu goyon bayan matsewa suna cewa yawancin motocinmu a buɗe suke fiye da kima, ga tudu ya ƙara musu kauri, don haka ragewa gyara ne. A kan wannan suna da gaskiya. Haɗi mai kauri yana baƙanta fulogi, yana tara gawayi a kan fistin, ɗanyen man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara ya tsinka na cikin inji. Su kansu littattafan masana'anta na shekarun 1970 da 1980 sukan ce bayan an samu wurin da juyi ya fi tsayi, a ɗan ƙara ɗaurewa har ya sauka kaɗan, don rage hayaƙi. Inda suke kuskure shi ne zaton cewa kowane ƙarin ɗauri ƙarin riba ne. Da an wuce iyaka inji ya fara tsallake wuta, man da bai kama ba ta salansa yake fita a banza, direba kuma ya koma ɗora ƙafa kan totur a kowace tsayuwa, ko ya sa a ɗaga masa silo. Garin neman ƙiba an samo rama.

Masu cewa a bar ta a buɗe suna kafa hujja da tashin safe, da sanyin inji, da tsoron ƙona bawul. Batun tashin safe gaskiya ne, sai dai maganinsa cok ne. Batun bawul kuwa yana son a bambance. A silo inji ba ya ɗauke da kaya, zafin cikin silinda kaɗan ne, da wuya tsararon silo kaɗai ya ƙona bawul. Abin da ke ƙonawa shi ne tsararo a lokacin da inji ke ja, kuma wannan daga babban jet yake zuwa. Wasu kan canza shi da ƙarami sosai, ko su cusa silin waya a cikinsa, ko su sauke fulot ƙasa, duk da sunan matsewa. Motar da aka yi wa haka in ta kama Hawan Kibo da lodi, za a ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, allurar zafi ta hau. Nan ne bawul da fistin ke tafiya. Rage babban jet da ɗan mataki saboda tudu abu ne da masana'antu suka sani, amma da lamba ake yinsa, ba da waya ba.

Akwai haɗarin da ɓangarorin biyu ba su cika ambata ba. Direbobi da yawa kan sa mota a firi a gangara don tsimin mai. Injin da aka matse wa silo yana iya mutuwa a wannan hali, kuma tukunyar da ke sauƙaƙa birki da zuƙar inji take aiki. Taku biyu ko uku, birki ya zama dutse.

Rukuni na uku suna cewa kunne ba ma'auni ba ne, a sa na'urar auna hayaƙi a salansa. Ita ce hanya mafi inganci. A Ingila, misali, gwajin lafiyar mota yana iyakance kabon monoksaid a silo zuwa kashi 4.5 cikin ɗari ga motocin 1975 zuwa 1986, da 3.5 ga na 1986 zuwa 1992. Nijeriya ma tana da dokar hayaƙin motocin fetur da dizal ta 2011 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Amma na'urar ba ta cika samuwa a garejin bakin titi ba, kuma injin da ringinsa ya gaji ba lallai ya zauna a lambar littafi ba. Kunnen da ya ƙware yana kaiwa kusa ƙwarai.

## Abin da ya rage ga mai mota

Ga ɗan tasi ko mai fikof, saitin silo aiki ne mai arha da ya cancanci a yi, musamman in motar daga kudu aka kawo ta, ko an sauke kafireta an wanke, ko an shiga hunturu. Ribarsa ta fi fitowa a fulogin da zai daɗe, baƙin man da ba zai yi saurin tsinkewa ba, da hayaƙin da mai tallan da ke bakin tasha da fasinjan kujerar baya za su rage shaƙa. Babban tsimin mai kuwa a wasu wurare yake: taimin, fulot, matatar iska, birkin da ke kamawa, iskar taya, da kashe inji in jiran zai yi tsawo.

Waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da gas na CNG, saitin gas ɗin a jikin na'urar rage ƙarfinsa yake, notin kafireta bai shafe shi ba. Sai dai kafiretar da ta daɗe ba ta ga fetur ba takan bushe, ta yi datti, ranar da gas ya yanke a koma mata ta ƙi silo.

Fulogi yana ba da shaida, amma ta tafiyar gaba ɗaya ce, ba ta silo kaɗai ba. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar daidai ne, baƙi mai gari kamar kunkunniya kauri ne, fari fat tsararo ne, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawa, babu notin da zai gyara shi. Haka hayaƙi: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, farin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace bayan 'yan mintoci tururin ruwa ne kawai.

Mai son sanin ko aikin da aka yi masa ya rage shan mai, allurar tanki ba za ta gaya masa ba, balle a tsohuwar mota. Ya cika tanki har baki a famfo ɗaya, ya rubuta lambar kilomita, ya yi zirga-zirgar da ya saba ta kwana uku ko huɗu, ya koma famfon ya sake cikawa, ya raba kilomitar da litar da ta shiga. Ya yi haka kafin a taɓa motar, ya maimaita bayan an taɓa. In agogon kilomita ya mutu, ya ƙirga sawun da ya yi a hanya ɗaya, Terminus zuwa Bukuru da dawowa, da lodi iri ɗaya. Kuma kafin bakanike ya murɗa, ya roƙe shi ya ƙirga zagaye nawa notin yake daga ƙasa, a rubuta a bangon bonet, don in sabon saitin bai karɓi motar ba a san inda za a koma.